Mas'alar Murfin But: Sharhi a Kan Sa wa Tsohuwar Mota Mabuɗin Lantarki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin da ya tashi daga Gumel ya nufi Maigatari da hantsin ranar Alhamis, ranar da kasuwar kan iyaka take ci, sa'ad da motoci ke bin juna kamar jerin gwano, wasu da buhunan riɗi da zoɓo, wasu da fatake da awakinsu, ba zai rasa lura da abu guda ba, wato da wuya ya ƙirga motocin haya biyar a jere waɗanda murfin but ɗinsu yake a rufe ruf. Galibi murfin yana ɗage ne bisa kaya, an ɗaure shi da igiya ko da tsinken tsohon tif, yana rawa yana kaɗa kai kamar mai amsa gaisuwa. Saboda haka mai karatu yana da haƙƙin ya yi murmushi idan ya ji za a ɓata takarda a kan yadda ake sa wa murfin but na'urar da za ta buɗe shi da lantarki, a ƙasar da igiya ta riga ta raba gardama. Amma ina roƙonsa ya jinkirta hukunci, domin mas'alar ba ta zo mini daga littafi ba, a ƙofar gidanmu ta taso.

Yayana yana da Peugeot 504, wadda mu muke kira Fijo, ya gāje ta daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma ya ɗauke ta tamkar amana: ya sāke mata inji, ya sa an yi mata fenti ruwan madara, ya ɗinke kujerunta, har idan ya fito da ita ranar hawan salla yara suna bin ta da kallo. Aibinta ɗaya ne. Maɓallin but ɗinta na asali ya daɗe da mutuwa, wani bakanike kuwa ya dasa mata kubar wata mota wadda ba ta buɗuwa sai da makulli, makullin nan kuma yana zobe ɗaya da na tā da inji. To, hanyoyinmu na kusa da iyaka, daga Gumel zuwa Maigatari, ko daga Sule Tankarkar zuwa Ɓaɓura, hanyoyi ne na tsaye-tsaye, inda masu tsaron hanya suke da hurumin su ce a buɗe but su gani, kuma aikinsu ke nan. Duk sa'ad da aka faɗi haka, sai Yaya ya kashe mota, ya zare makulli, ya zagaya baya, ya buɗe, ya rufe, ya dawo. Idan kuwa batir ya yi sanyi, wanda ba abin mamaki ba ne ga motar da ta girmi 'ya'yansa duka, sai a koma neman masu turi. Ran da wannan ya same mu sau biyu a tafiya guda, muna ɗauke da gwaggonmu za mu gaisuwar mutuwa wani ƙauye na Gagarawa, ya juyo ya ce mini, "Kai da kake karance-karance, ba wata dabara da mutum zai buɗe abin nan yana zaune?"

Dabara akwai, kuma ba mu ne farkon masu nemanta ba. A kudancin Kaliforniya ta Amurka, tun cikin shekarun 1930, samari marasa kuɗin sabuwar mota sun ƙirƙiri al'adar sayen tsofaffin Ford, musamman ƙirar 1932, su kwaɓe duk abin da zai ƙara nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su tafi busassun tafkuna na hamada, irin su Muroc, su yi tsere. Al'adar ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu har aka kafa mata mujalla mai suna Hot Rod a 1948, sunan da ake kiran motocin da shi. Daga cikin masu ƙawata irin waɗannan motoci ne aka sami waɗanda suka ga marikin ƙofa da ramin makulli suna ɓata santsin jikin mota, suka cire su, suka toshe gurbinsu, suka shafe da fenti. Da suka yi haka kuwa sai larura ta tilasta musu neman abin da zai buɗe ƙofa da but daga ciki, suka koma ga lantarki. Su ƙawa ce ta kai su, mu kuwa gajiya ce ta kawo mu, amma mun haɗu a kan ƙarfe ɗaya. Kuma idan aka yi ƙiyasi na adalci, Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, aka ci gaba har kusan shekara talatin, ita ce Ford ɗin 1932 ta ƙasar Hausa: ba garejin da bai san cikinta ba, ba kuma gaɓar jikinta da wani bai taɓa musanya da ta wata mota ba.

Kafin a shiga hanyoyi, wajibi ne a tsabtace mas'alar, kamar yadda malamanmu suke yi kafin su ba da fatawa, domin mafi yawan asarar kuɗi a wannan babi daga cakuɗa abu biyu take tasowa. Abin da muke kira buɗe but aiki biyu ne mabambanta. Na farko sakin kuba, wato janye ɗan harshen ƙarfen da ya riƙe murfi, aikin da ɗan yatsa guda yake yi, tafiyarsa kuwa ba ta wuce tsawon gaɓar yatsan ba. Na biyu ɗaga murfin kansa, wanda yake da nauyi, yake kuma bukatar dantse. Aikin farko lantarki yana yin sa da araha ƙwarai. Na biyu kuwa lantarki yana yin sa da tsada da haɗari, alhali kuwa ƙarfe mai tsalle yana yin sa kyauta. Wanda ya fahimci wannan rabuwa ya riga ya ajiye kashi mafi girma na kuɗinsa a aljihu.

Akwai kuma sharaɗi wanda aikin ba ya inganta sai da shi, kamar alwala ga salla, shi ne kubar ta kasance lafiyayya. Motar da ta yi shekaru ana danna murfinta a kan buhun gero, hinjinta ya karkace, harshen kuba ba ya faɗawa daidai a gurbinsa, sai an buga da ƙarfi kafin ya kama, sai an danna murfi da gwiwa kafin ya saki; irin wannan kuba ko an ɗaura mata na'urar da ta fi kowace ƙarfi, abin da za a samu shi ne ƙonewar na'urar. Don haka tafiyar farko wurin mai gyaran jikin mota za a yi ta, ya daidaita hinji, ya matsar da gurbin harshe, a wanke kubar da kananzir har tsohon giris da yashin da ya cakuɗa da shi su fita. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: a buɗe murfi, a sa ɗan yatsa a ja sandar kuba ta ciki, idan ƙaramin yatsa ya iya sakinta ba tare da an cije baki ba, to ta cancanci a ci gaba.

Gaskiya ta wajabta mini in ambaci hanyoyi biyu da ba su da lantarki ko kaɗan, ko da yake za su rage wa wannan sharhi kwarjini. Ta farko a yanka makulli na biyu a rataye shi dabam, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon abinci biyu ba, kuma shi kaɗai ya isa ya hana kashe mota. Ta biyu a jawo waya irin ta birkin keke ko ta kulocin babur, mai tafiya cikin rigarta, daga kuba har gefen kujerar direba, a sa mata mariƙi. Wannan ita ce hanyar da motocin Japan da yawa, irin su tsofaffin Corolla, suka zo da ita daga masana'anta, kuma ba ta san mutuwar batir ba. Illarta tsawon tafiya: idan wayar ta yi lanƙwasa da yawa sai ta yi tauri, idan ƙura ta shiga rigarta sai ta cije. Da na faɗa wa Yaya waɗannan biyu, sai ya dube ni kamar na ba shi fura ba nono, na gane cewa maɓalli yake so, wanda zai taɓa a ji ƙas.

Hanyar da na fi rinjayarwa a cikin masu lantarki, domin arharta da sauƙin samunta, ita ce a aro ɗan injin da ke kulle ƙofofin motocin zamani gaba ɗaya, wanda masu rewaya suke kira na santiral lok. Wani ɗan abu ne baƙi na roba, bai fi tsawon tafin hannu ba, siffarsa kamar ƙaramar bindigar wasan yara, a cikinsa akwai mitsitsin moto da haƙora masu tura sanda gaba da baya. Ana samun sa sabo cikin kwali, ana kuma samun na cire-cire a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, inda gaɓoɓin matattun motoci suke jiran masu rai, har ma a wajen masu rewaya na Gumel ba a rasa wanda ya ajiye biyu ko uku a cikin gwangwanin kusoshi. A nemi mai waya biyu, domin mai waya biyar an yi shi ne don ƙofar direba, ya riƙa ba sauran umarni, kuma ba a bukatar wannan a nan. Na zauna a kan benci na ga yadda mai rewayarmu ya yi: ya ɗora wayoyin biyu a kan batir, sandar ta zabura waje, ya juya su, ta koma ciki, ya yi wa wayar da ke sa ta ja alama da ɗan tsinken salatif. Sa'an nan ya ɗaure na'urar a ƙarfen cikin murfi da ɗan faifan ƙarfe mai huji-huji, ya lanƙwasa sifokin keke ya haɗa bakinta da sandar kuba, yana ta jaddada wa yaronsa cewa ja ɗin ya zama a miƙe, kan layi ɗaya da tafiyar sandar, domin in ya karkace rabin ƙarfin a gefe zai zube. Da na tambaye shi me zai komar da ita bayan ta ja, sai ya ce, "Alhaji, ai sifirin ɗin kubar ne zai dawo da ita, shi ya sa na ce a fara wanke ta."

Idan kubar mai tauri ce bisa ƙirarta, har wannan ɗan inji ya kāsa, sai a hau mataki na gaba, wato solinoyid, wanda asalinsa naɗin wayar tagulla ne kewaye da rami, da guntun ƙarfe a bakin ramin. Da wuta ta ratsa naɗin sai ya zama maganaɗisu, ya fizgi ƙarfen ciki. Irinsa ne a jikin kik ɗin mota, kuma irinsa Amurkawan nan suka fi dogara da shi. Yana da ɗabi'u biyu da ya kamata a sani. Ɗaya, ƙarfinsa kaɗan ne a farkon tafiya, yana ƙaruwa ne yayin da ƙarfen ya kusa ƙurewa, don haka ba a ɗaure wayar da ke tsakaninsa da kuba tamau, ana bar mata ɗan sako-sako domin ya sami gudu kafin ya fizga. Biyu, maci wuta ne: inda ɗan injin ƙofa yake wadatuwa da amfiya kaɗan, babban solinoyid yana iya zuƙar goma ko ashirin ko fiye a lokaci guda, kuma idan aka riƙe masa wuta ya daɗe sai ya yi zafi ya ƙone. Wannan ne ya sa maɓallinsa dole ya zama irin na oda, mai komawa da kansa da zarar an ɗage yatsa, ba irin na fitila mai zama inda aka ajiye shi ba.

A nan ne kuma rukunai biyu suke shigowa waɗanda mai son araha yake yawan tsallakewa, rile da fis. Rile ɗan akwati ne mai ƙafa huɗu, aikinsa kamar na dogari ne: ƙaramar murya ta yi umarni, shi ya zartar da ƙarfi. Ƙafafunsa suna da lambobi bisa ƙa'idar Jamusawa, kuma galibin irinsa da waɗannan lambobin suke zuwa: 30 tana karɓar wuta daga batir, 87 tana kai ta ga na'ura, 85 da 86 kuwa su ne na maɓalli da jikin mota. Fa'idarsa ita ce babbar wuta ba za ta bi ta siririn maɓalli ta narkar da shi ba. Fis kuwa mazauninsa kusa da batir, bai fi taƙi ɗaya daga kansa ba, domin wayar da za ta ratsa mota tun daga gaba har baya, ƙarƙashin shimfiɗa da gefen ƙofofi, ta kuma bi ta wuyan hinji inda ake lanƙwasa ta kullum, ba makawa wata rana rigarta ta goge ta taɓa ƙarfe. Ranar nan, in akwai fis, shi kaɗai zai mutu. Na ga masu naɗa zaren waya a gurbin fis ɗin da ya ƙone suna cewa sun gyara, ni kuwa a wurina wannan daidai yake da mutum ya kori mai gadi domin ya cika tashe shi da dare.

Wurin dasa maɓalli ma yana bukatar tadabburi. Idan aka sa shi a fili kusa da na oda, wata rana gwiwa ko hannun yaro zai taɓa shi ana tsakiyar gudu, kayan amarya su watsu a kan titin Gagarawa. Masu hankali suna ɓoye shi cikin aljihun gaban mota, waɗanda suka fi su kuwa suna ratsa wayar rile ta makunnin birkin hannu, ta yadda ba zai amsa ba sai an ja birkin. Amma na'urar nesa, wadda ake rataya wa a zoben makulli, ita ce ta fi burge samari, kuma ba ta da tsada yanzu. Sai dai akwatinta ba ya barci, dare da rana yana tsotsar batir kaɗan-kaɗan yana sauraron kira, motar da ake ajiye ta mako biyu ba a tā da ita ba, kamar yadda da yawa suka koma yi tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, za ta iya wayar gari ba ta ko tari.

Sai aiki na biyu, ɗaga murfi, wanda ba zan daɗe a kansa ba. Tsofaffin motoci da yawa suna da sandunan ƙarfe masu murɗuwa ko sifirin a gindin hinji, kuma sau da yawa gajiya kawai suka yi, ko sun fita daga gurbinsu. A mai da su, murfi zai tashi da kansa. In babu su, ɗan sifirin guda a bakin kuba ya isa ya cilla murfin sama kaɗan, yadda harshe ba zai sāke kamawa ba. Mai son murfi ya miƙe gaba ɗaya sai ya nemi sandar iska irin ta ƙofar bayan Golf, wadda aka cika da iskar naitirojin, ƙarfinta a rubuce a jikinta da lamba da harafin N. Kada a ce mafi ƙarfi shi ne mafi kyau, domin wadda ta fi ƙarfin murfi tana lanƙwasa hinji, a zafin bazara kuma, sa'ad da iskar cikinta ta kumbura, tana iya cilla murfin ya sami haɓar mai tsaye. Ana kafa ta siririn ƙarfen yana duban ƙasa domin man cikinta ya riƙa jiƙa robar bakinta, kuma ba a kusantar da ita ga wutar walda.

Amma sa moto ya ɗaga murfi ya kuma sauke shi, ko da sandar lantarki ta saye ko da moton waifa da wasu masu hikima suke juyawa, ni a ra'ayina makaruhi ne mai kusantar haramun a motar gida. Motocin zamani da suka zo da wannan suna da na'urar da ke jin an tokare murfi ta tsaya. Haɗin gareji kuwa ba ya ji ba ya gani, ko yatsun yaro ne a bakin but zai ci gaba da sauka. Ga shi kuma haƙoran irin waɗannan na'urori ba sa juyuwa da hannu, ranar da suka mutu murfin ya zama bango.

Wannan ya kawo mu ga sharaɗin da ban yarda a yi sassauci a kansa ba, ko wace hanya aka bi: kada a kashe hanyar hannu. Ramin makulli ya zauna inda yake, mu bar wa Amurkawa shafe shi. A kuma ɗaura wata wayar birkin keke a sandar kuba, a ɓoye bakinta bayan kujerar baya, a bar wani mariƙi a cikin but ɗin kansa. Dalilin mariƙin ciki ba ƙarami ba ne. A watannin Yuli da Agusta na 1998 yara goma sha ɗaya suka mutu a Amurka bayan sun shiga but suna wasa ya rufe da su, abin da ya taimaka aka kafa doka cewa duk motar da aka ƙera daga 1 ga Satumba 2001 sai an sa mata abin buɗewa daga ciki, wanda a galibin motoci mariƙi ne mai haske a duhu. Motocinmu tsofaffi sun riga dokar, zafinmu na Afrilu kuwa, da yake haura digiri 40 a inuwa, ba ya ba yaro dogon lokaci a cikin akwatin ƙarfe. Maɓallin da ya sauƙaƙa wa babba buɗe but ya sauƙaƙa wa yaro ma. Haka nan wanda ya saba ɗaukar jarkar fetur a but, kuma mu nan mun san ba kaɗan ba ne, ya sani cewa rile da sako-sakon haɗin waya suna tartsatsi, don haka rile ya zauna a gaba, kowane haɗi na baya a ɗaure shi tam a rufe.

Malaman usulu, irin su Shaɗibi a cikin Muwafaƙat, sun kasa maslahohi uku, na larura da na bukata da na ƙawa, kuma idan aka auna wannan aiki da ma'auninsu hukuncinsa yana sāɓawa gwargwadon mai motar. Ga direban haya na layin Maigatari, wanda murfinsa ba ya ganin kuba daga asuba har magariba, bai kai ko ƙawa ba, israfi ne, kuɗin ya fi amfani a kan birki da taya. Ga dattijo mai ciwon gwiwa, ko malamar makaranta mai tuƙa kanta, ko mai motar da ba ta son a kashe ta, ya shiga babin bukata. Yaya dai nasa ya tsaya a kan ɗan injin ƙofa na cire-cire, da rile, da fis, da maɓallin oda a cikin aljihun mota, duka kuɗinsu da ladan mai rewaya bai kai na cika tankin motar sau ɗaya ba. Hunturun farko ƙura ta sa kubar ta cije sau ɗaya a kasuwar Gujungu, ya tura ɗansa ya ɗaga kujerar baya ya ja wayar keken, but ya buɗe. Da suka dawo gida aka sāke wanke ta da kananzir, wannan karon ba a sa mata giris ba, aka goga mata bakin fensir.